Kafin a taɓa wuya, a fara sanin ta inda jijiya ta bi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ka sam mana ɗan fili a jaridarka mai farin jini, mu yi bayani a kan wani sashe na aikin hoton asibiti da ba kasafai ake tattauna shi da Hausa ba, wato yadda ake gano bauɗaɗɗiyar halitta a ƙasusuwan wuya da jijiyoyin jinin da suka ratsa su. Mu likitocin hoto ne da ma'aikatan da ke sarrafa na'urorin ɗaukarsa. Maganar ta shafi abokan aikinmu da ke rubuta takardar neman hoto, ta kuma shafi iyalin da ake miƙa wa sakamako a ce musu “akwai karaya” ko “akwai ƙari”, hankalinsu ya tashi.

Kuskuren iri biyu ne. Wani an haife shi da ƙashin wuya mai wata siffa daban, ya rayu da abinsa shekara talatin lafiya lau, ran da ya faɗo daga acaɓa aka yi masa hoto sai a ɗauki halittarsa a matsayin rauni. Wani kuma ana ganin bauɗewar ƙashin sarai, amma a manta da jijiyar da ke cikinsa, har sai wuƙa ko sukuru ko hannun mai ɗori ya same ta. Na biyun shi ne mai kisa. Abin da muke so ya zauna a zukata shi ne, inda ƙashi ya kauce daga yadda aka saba, sau da yawa jijiya ma ta canza hanya, domin tare suka ginu tun a ciki.

Ƙasusuwan wuya bakwai ne, ana ƙirga su daga sama, C1 zuwa C7. Biyun farko ba su kama da sauran. C1 zobe ne kawai, shi ne gammon da ƙoƙon kai ya zauna a kai. C2 yana da wani tsini kamar haƙori da ya shiga cikin zoben ta gaba, wata igiya mai ƙarfi ta ɗaure shi ta baya. A kan haƙorin nan kai ke juyawa, kuma kusan rabin duk waiwayen da mutum ke yi tsakanin ƙasusuwan nan biyu yake faruwa. Faɗin cikin zoben daga gaba zuwa baya wajen santimita 3 ne: kashi ɗaya na haƙori, kashi ɗaya na laka, kashi ɗaya fili. Filin nan shi ya sa wasu ke yawo da haƙori mai motsi ba su sani ba, sai ya cinye filin ya fara matse laka.

Jijiyoyi huɗu ne ke kai wa ƙwaƙwalwa jini. Biyu na gaba, karotid, su ne ake jin bugunsu a gefen maƙogwaro. Biyu na baya, da ake kira batibiral, mu ce musu jijiyoyin ƙeya, su ne jigon wasiƙar nan. Kowace tana tasowa daga jijiyar da ke zuwa hannu, ta shiga wata kafa a fiffiken ƙashin C6, ta yi ta bin kafofin ƙashi zuwa sama kamar zare a cikin tsakiya. A C2 ta karkata waje, ta ratsa C1, ta kwanta a wani kwari a kan bakan bayan zoben, sannan ta shige ƙoƙon kai ta haɗu da 'yar uwarta. Su ke shayar da tushen ƙwaƙwalwa, inda numfashi da haɗiya da daidaiton tafiya suke. Wannan ita ce hanyar da littafi ya zana. Kusan mutum tara cikin goma ne jijiyarsu ke shiga ta C6. Na goman fa?

Bari mu fara da eksire, tunda shi ne ke samuwa ko'ina. Hoton wuya cikakke kala uku ne: na gefe, na gaba, da na buɗe baki. Na gefe dole ya nuna tun daga gindin ƙoƙon kai har mahaɗar C7 da ƙashin ƙirji na farko. Idan kafaɗu sun rufe ƙasa, hoton bai cika ba, kada a rubuta “babu matsala”. A kan hoton gefe ake auna tazarar da ke tsakanin bakan gaba na C1 da haƙorin C2: kada ta wuce milimita 3 ga babba, 5 ga yaro. Ana kuma auna kaurin naman da ke gaban ƙashi, kusan milimita 7 a C2, 22 a C6 ga babba. Kumburin wurin kan tona asirin raunin da ƙashi ya ɓoye. Hoton buɗe baki kuwa yana da tarko. Idan kai bai daidaita ba, inuwar haƙoran sama ko ta ƙeya takan gitta gindin haƙorin C2 ta bar wani baƙin layi kamar tsagewa. An sha sa wa mutane kwalar wuya saboda inuwar haƙoransu.

Akwai hoton sunkuyawa da ɗaga kai, don a ga ko ƙashi na zamewa. Sharaɗinsa shi ne mara lafiya yana cikin hayyacinsa, shi zai motsa wuyansa da kansa, ya tsaya inda ya ji zafi ko sanyin hannu, likita na tsaye a wurin. Ba a danna masa kai da hannu. Ba a kuma yin sa ga wanda ya yi hatsari yanzun nan, domin naman wuya ya ƙame, zai ɓoye zamewar, hoton ya ba da tabbacin ƙarya.

Yanzu ga abubuwan da ke kama da karaya. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane ba ce, kuma a nan maganar ta zauna daram. Akwai wanda haƙorin C2 ɗinsa bai manne da gindinsa ba, yana zaune a ware kamar tsakuwa. A eksire ya yi kama da karyayyen haƙori. Siti-sikan, wato hoton da ke nuna jiki yanka-yanka, shi ne ke raba gardama: tsohon abu gefensa sumul yake, zagayayye, da farin baki kewaye da shi, ratar tana da faɗi, bakan gaba na C1 kuma ya yi kauri saboda daɗewar ɗaukar nauyi. Sabuwar karaya bakinta kaca-kaca ne, ratar siririya, gutsuren biyu suna iya komawa su dace kamar fasasshen kwano. Sai dai kada wani ya ji mun ce ba karaya ba ce ya saki jiki. Haƙorin da ke ware yana iya zamewa da C1 gaba ɗaya, saboda haka sai an auna motsinsa, an kuma duba laka da hoton maganaɗisu, wato emarai. Idan filin da ya rage wa laka a bayan haƙori ya gaza milimita 14, maganar ta likitan tiyata ce.

Haka bakan baya na C1. Mutum uku zuwa biyar cikin ɗari nasu bai haɗe a tsakiya ba, akwai 'yar rata. Ba ciwo ba ne. Karayar zoben C1, wadda Geoffrey Jefferson ya bayyana a 1920, takan faru ne idan nauyi ya faɗo a tsakar kai ko mutum ya yi tsalle da ka cikin ruwa marar zurfi, kuma takan fasa zoben a gefe, wuri biyu ko fiye, ya baje. Rata guda a tsakiyar baya mai sumul ɗin baki halitta ce. Wanda ya fi wannan ƙaranci shi ne a haifi mutum babu 'yar gadar da ke haɗa jikin ƙashi da bayansa a gefe guda, galibi a C5 ko C6. Kafar da jijiyar laka mai zuwa hannu ke fita sai ta bayyana ƙatuwa, wani ya ce ƙari ne ya cinye ƙashi, wani ya ce gaɓa ce ta goce. Siti-sikan zai nuna ginshiƙin gefen ya koma baya, fiffiken ƙashin bai cika ba, ko'ina kuma sumul. An taɓa jan wuyan irin waɗannan da nauyi a banza, don a mayar da abin da bai taɓa gocewa ba.

Yara kuma nasu daban ne, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ƙashin yaro gutsattsari ne da guringuntsi ya haɗa, shi kuwa guringuntsi ba ya fitowa a eksire. Layin da ke gindin haƙorin C2 yakan rufe tsakanin shekara 3 zuwa 6, ƙwallon kan haƙorin kuma sai wajen shekara 12 yake mannewa. Yaron da bai kai 8 ba, C2 kan ɗan zamo gaba a kan C3 idan ya sunkuya, ba tare da wani rauni ba. Ana ja layi daga bakan baya na C1 zuwa na C3. Muddin na C2 bai kauce wa layin da fiye da milimita 2 ba, lafiya ce. Yara masu lalurar haihuwa da ake kira Down su kuma igiyar haƙorinsu takan yi sako-sako. A hoto ana ganin haka ga kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, amma waɗanda abin ke taɓa wa laka ba su wuce kashi 1 ko 2 ba. Idan irin yaron nan ya fara jan ƙafa, ko karkatar da wuya, ko sakin fitsari bayan ya daina, a gaggauta.

Wurin da muke so mu ɗan daɗe shi ne mannewar ƙasusuwa, saboda a ƙasarmu akwai abin da ke rikita shi. A 1912 wasu likitocin Faransa biyu, Maurice Klippel da André Feil, suka bayyana lalurar da yau ke ɗauke da sunansu: ƙashin wuya biyu ko fiye a manne tun haihuwa. Alamominta uku da aka sani su ne gajeren wuya, gashin ƙeya da ya sauko ƙasa, da kasa waiwaye sosai, amma masu dukan ukun ba su kai rabi ba. An fi ganin mannewar a C2 da C3, sai C5 da C6. To, tarin fuka da ya ci ƙashin baya ya warke shi ma yana manne ƙasusuwa, kuma a Arewa ba baƙon abu ba ne. Ta yaya za a bambance? Mannewar haihuwa tana da ƙugu: daidai inda faifan guringuntsi ya kamata ya kasance, ƙashin ya tsuke kamar ƙugun zanzaro, tsawonsa bai ragu ba, sau da yawa akwai ɗan burbushin faifan, kuma bayan ƙasusuwan ma yakan kasance a manne. Ta tarin fuka kuwa ƙashi ya ruguje ta gaba, tsawo ya ragu, wuya ya doro, bayan bai manne ba, wani lokaci ga ragowar ƙurji a gefe. Bambancin ba na ado ba ne. Ɗaya zai sha maganin tarin fuka wata da watanni ba gaira ba dalili, ɗayan kuma za a ce masa halitta ce alhali cuta na cin sa.

Wanda aka tabbatar mannewarsa ta haihuwa ce, aikin bai ƙare a wuya ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu lalurar suna da matsalar ƙoda, har da waɗanda ƙodarsu ɗaya ce tal. Sikanin ciki yana da araha, a yi shi, musamman tunda daga baya za a iya buƙatar zuba musu ruwan hoto, wato ruwan da ake turawa cikin jini don jijiya ta fito sarai a hoto. A gwada ji, a saurari zuciya, a duba allon kafaɗa ko ya ɗage sama. Gaɓar da ke kusa da wurin da ya manne ita ke ɗaukar motsin duka, ita ke saurin lalacewa, don haka dakon kaya mai nauyi a ka, da kokawa, da dambe ba nasu ba ne.

Wani lokaci C1 ne ke mannewa da ƙoƙon kai, haƙorin C2 ya turo sama cikin babbar kafar da laka ke fita. Ana gane shi da layuka. Layin McGregor yana tashi daga ƙarshen ganɗa zuwa mafi ƙasan ƙeya. Idan haƙori ya haye shi da fiye da milimita 4.5, ya shige. A emarai a duba ko ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ta zubo ƙasa fiye da milimita 5, ko ruwa ya taru a cikin laka. Irin waɗannan su ne jijiyar ƙeyarsu ta fi bauɗewa.

Sai mu zo kan jijiyar. Hoton da ke nuna ƙashi da jijiya lokaci guda shi ne siti-sikan da ruwan hoto, kuma ingancinsa ya rataya ne a kan ƙananan abubuwa. Ana ɗauka tun daga bakan babbar jijiyar da ta fito daga zuciya har tsakar kai, domin mutum kusan biyar cikin ɗari jijiyar ƙeyarsu ta hagu daga can take tasowa kai tsaye, kuma irinta takan shiga ƙashi a sama da C6. Kaurin yanka kada ya wuce milimita 1. Yankan milimita 5 da ake yi wa kai zai tsallake abin da ake nema. Kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa, babba ake sawa, koriya ko ruwan hoda, a gwiwar hannun dama. Dalilin dama shi ne jinin hannun hagu sai ya gitta gaban jijiyoyin wuya kafin ya kai zuciya, ruwan hoto mai kauri ya yi walƙiya ya rufe tushensu. Ana zuba mililita 60 zuwa 80, a gudun mililita 4 ko 5 kowace daƙiƙa, a bi da ruwan gishiri wajen mililita 40. Wannan aikin famfo ne. Hannu ba ya iya riƙe gudun, kuma idan aka tura da sirinji ta siririyar kanula shuɗiya a bayan hannu, abin da za a samu hoto ne dishi-dishi. Na'urar ce ke sa ido a kan babbar jijiya, da ruwan ya iso ta fara ɗauka. Aka makara da daƙiƙa goma, jijiyoyin da ke mayar da jini sun cika, su kuwa sun nannaɗe jijiyar ƙeya a C1 kamar kaba, ba za a iya raba su ba. A gaya wa mara lafiya kada ya haɗiyi yawu, a cire sarƙa da 'yan kunne da haƙorin roba mai ƙarfe, a saukar da kafaɗu.

Kafin a zuba ruwan a gwada ƙoda. Wanda awon tacewar ƙodarsa ya gaza 30 sai an yi shawara, kuma idan yana shan metformin, maganin ciwon sukari, akan dakatar da shi awa 48. A tambayi ko ya taɓa yin borin jini da ruwan hoto. Tururin eksire da ake sha a wannan hoto ya kai kusan abin da jiki ke samu daga ƙasa da iska cikin shekara biyu, kuma maƙoƙon wuya na tsakiyar hanya, saboda haka ba hoton da za a yi ta maimaitawa yaro ba ne don kawai na farko ya lalace.

Me ake nema a ciki? Farko, wace jijiya ce babba. Kusan rabin mutane ta hagu ce, wasu kuma ɗayar siririya ce ƙwarai, milimita 2 ko ƙasa, ba za ta iya ɗaukar nauyi ba idan babbar ta toshe. Na biyu, ta ina ta shiga ƙashi. Wadda ta shiga a C5 ko C4 ta wuce gaban C6 tsirara, nama kawai ya rufe ta, daidai inda likita ke bi idan zai yi tiyatar faifai ta gaba. Na uku, yadda ta lanƙwasa a C2. Tun da Atul Goel na Mumbai a 1994, sannan Harms da Melcher na Jamus a 2001, suka yaɗa ɗaure C1 da C2 da sukurori, auna wannan wuri ya zama wajibi. Kaurin sukurun milimita 3.5 ne. Idan jijiya ta hau sama ta ci cikin C2, har gadar ƙashin da ke kanta ta koma milimita 5 ko ƙasa, babu inda sukuru zai bi sai ta cikinta. Wannan ma ba abu ne mai wuyar samu ba, ana ganin sa ga kusan mutum ɗaya cikin huɗu. A C1 kuma wata 'yar gadar ƙashi takan rufe kwarin da jijiya ke kwance, ga kusan kashi 15 cikin ɗari, sai bakan ya yi kamar mai faɗi, wanda bai lura ba ya huda ta nan. Mafi ƙaranci, jijiyar ba ta hawa kan C1 sam, sai ta bi ta ƙarƙashinsa ta shiga wurin laka tsakanin C1 da C2, daidai mashigar sukuru. Duk wannan ya kamata rahoto ya faɗa, dama da hagu, da lambobi. Rahoton da ya ce “jijiyoyi a buɗe suke” ya tsaya nan bai taimaki mai tiyata ba.

Akwai kuma inda jijiya ke shigar burtu ta yi kama da ƙari. Jijiyar ƙeya takan yi lauje ta tona rami a jikin ƙashi, bakin ramin sumul. Karotid takan karkato bayan maƙogwaro, a buɗe baki a ga kumburi a gefe guda kamar ƙurji. Wani ƙari mai yawan jini kuma yakan zauna a inda karotid ta rabu biyu, ya buɗa rassan kamar gwafa. Dokar duka ɗaya ce: duk kumburin wuya ko na maƙogwaro da ke bugawa, ba a soka masa allura, ba a tsaga shi, sai an ɗora masa dofla, wato sikanin da ke nuna gudun jini. Wannan ya haɗa da wanzaman da ake kai wa yara cire beli. Garin neman gira kada a rasa ido.

Wata lalura ba ta fitowa sai an waiwaya. A 1978 wani likita mai suna Sorensen ya ba da labarin mutumin da ya samu shanyewar jiki yana koyon harbi da baka, daga nan aka sa mata sunan ciwon maharbi. Mutum zai juya kai, misali wajen sallame sallah ko yin ribas da mota, sai jiri ya ɗebe shi, gani ya dushe ko ya rabu biyu, da ya miƙe wuya komai ya washe. Ƙashi ne ko wata igiyar nama ke matse babbar jijiyar ƙeya, galibi a C1 da C2, ƙaramar kuma ta kasa cike gurbi. Hoton da aka ɗauka kai na miƙe zai fito tas. Sai an ɗauka a miƙe, an sake ɗauka a juye zuwa inda jirin ke zuwa. Tabbacinsa kuma hoton da ake zura siririn bututu ta cinya a ga jinin yana tsayawa ido da ido. Amma a yi hattara da yawan zargi. Mafi yawan jirin juya kai daga cikin kunne yake, irin wanda ke zuwa idan an kwanta ko an juya a gado, ya wuce kafin minti guda, kuma ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin hotunan nan.

Wadda ta fi tayar mana da hankali ita ce tsagewar bangon jijiya. Jini ya kutsa tsakanin ɓawon bangon, hanya ta tsuke, gudan jini ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Tana cikin manyan dalilan shanyewar ɓarin jiki ga waɗanda ba su kai shekara 45 ba. Hatsarin babur kan jawo ta, haka murɗe wuya da ƙarfi, irin wanda wasu masu aski da masu tausa ke yi don a ji ƙas. Alamar farko sabon ciwo ne a ƙeya ko gefen wuya, ɓari guda, wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba. Bayan sa'o'i ko kwanaki sai jiri, amai, sarƙewa wajen haɗiya, tangaɗi, ko fatar ido guda ta sauko. Duk wanda ya karye a C1 zuwa C3, ko karayar ta ratsa kafar jijiya, ko gaɓa ta goce, a yi masa hoton jijiya ko da yana magana garau. A emarai ana neman wani farin jinjirin wata a bangon jijiya, a salon hoton da ake kira T1, wanda aka danne hasken kitse. Ga tarkon: kwana biyu ko uku na farko jinin bai yi haske ba tukuna, bayan wata biyu kuma ya dushe. Shi ya sa ranar da ciwon ya fara take da muhimmanci a takarda.

Emarai na jijiya da ake yi ba ruwan hoto yana da nasa ruɗin. Yana ganin jinin da ke hawa sama ne; inda jijiya ta kwanta a kan C1 sai hasken ya ragu kamar ta tsuke, jinin da ke komawa ƙasa kuma ya ɓace kamar ta toshe. Ƙananan na'urorin emarai masu ƙarfin maganaɗisu tesla 0.2 ko 0.35 suna nuna matsewar laka, amma ba su kai ga bangon jijiya ba. Wannan aikin mai 1.5 ne. A tambayi mai walda ko ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, a tambayi mai batirin zuciya. Dofla kuma tana ganin jijiyar ƙeya ne ta tsakanin fukafukan ƙashi kawai, kamar leƙe ta zana, ba ta kaiwa saman sosai. Amfaninta babba shi ne nuna inda jini ya nufa: idan yana gangarowa maimakon hawa, a auna hawan jini a hannu biyu, bambancin da ya kai 20 yana nuna jijiyar hannu ce ta tsuke take satar jinin ƙeya.

Roƙonmu ga abokan aiki: takardar da aka rubuta “ciwon wuya” kawai, hoton ciwon wuya za ta samu. A rubuta ko an yi hatsari da ranarsa, wane gefe, wane motsi ke tayar da alamar, awon ƙoda, da ko ana shirin tiyata. Ga iyalai kuma, ku nemi a sa muku hoton duka a faifai, ba fim ɗin da aka buga kawai ba. Fim hotuna ashirin ko talatin ne da aka zaɓa daga cikin ɗaruruwa, ba a iya juya shi, ba a iya auna milimita a kansa, balle hoton fim da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp. Da faifan za ku je asibitin ƙashi na Dala, ko asibitocin koyarwa na Kano, Shika, Sakkwato ko Maiduguri, likita ya buɗe ya auna da kansa ba sai an sake ɗauka ba. Ku adana tsohon hoto komai daɗewarsa, domin shi ne shaidar cewa abin da aka gani yau yana nan tun jiya. Wanda kuma aka taɓa gaya wa yana da ɗaya daga cikin halittun nan, ya sa a rubuta masa sunanta a ƙaramin kati, ya nuna wa likitan sa barci kafin kowace tiyata, ko da ta ƙaba ce, domin wajen zura bututun numfashi sai an tanƙwara kai baya.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu likitoci da ma'aikatan sashen hoton asibiti